Zuwa ga Umma: Baba da Kwanukan Ciyayya

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Umma, wadda Allah Ya karɓi abinSa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda 'ya ke yi wa uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki a yalwace, da haske a cikinsa. Na san wannan wasiƙa ba za ta zo hannunki ba. Na kuma san waɗanda za su karanta ta da yawansu ba su taɓa ganin fuskarki ba. Ba komai, su karanta. Kin san halina, idan labari ya cika mini ciki ba na iya barci sai na fitar da shi, kuma wannan labarin ke ya kamata ki fara ji. Ni ce Bilkisu, 'yarki da ke aure a Abakpa, wadda kike cewa bakinta ya riga ƙafarta tafiya.

Labarin Baba ne na kawo miki.

Kin bar shi mutum mai matsakaicin jiki, mai saurin tafiya, wanda ko ruwa ake tsugawa ba a riga shi sahun farko a masallacin layinmu na Unguwar Sarki. Bayan tafiyarki sai jiki ya fara zuwa masa. Da farko murna muka yi. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce, "Masha Allah, Alhaji ya murmure," mu kuma kanmu ya yi ta fashewa, muna ganin mun iya riƙon uba. Malam Garba tela, maƙwabcinmu, ya buɗa masa riguna, ya sake buɗawa, har ya ce babu sauran yadi a cikin ɗinkin da zai saki.

Daga nan gwiwa ta fara magana. Baba bai gaya wa kowa ba, kin san shi. Ni dai wata rana na zo gida da la'asar, na leƙa falo, sai na tarar da shi yana sallah a kan kujerar roba, irin wadda ake jerawa a wajen biki. Da ya zo sujada sai ya ɗan sunkuya, hannuwansa a kan gwiwoyi, goshinsa a tsaye a iska. Umma, na koma tsakar gida na zauna a kan turminki na yi kuka mai isata.

Na ja shi asibiti da ƙyar. Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce gwiwoyin sun gaji da kayan da aka ɗora musu, sukari ma ya fara leƙowa, idan ba a rage nauyin ba to kujerar nan ta zauna ke nan, gaba kuma sai sanda. A hanyar dawowa, da muka shigo layi, Baba ya juyo gare ni. Ya ce malamai sun gaya masa sallarsa a kan kujera ta yi, kuma bai musa ba. Sannan ya ce, "Ni ba kyan jiki nake nema ba, Bilkisu. Goshina nake so ya koma ƙasa."

Tun rasuwarki ni nake aika masa abinci daga Abakpa, don haka na ga ai abin a hannuna yake. Na ɗaura ɗamara. Tuwon acha malmala ɗaya 'yar ƙarama, miyar ganye wadda mai ba ya iyo a kanta, kwaɗon zogale da ƙuli kaɗan, faten wake, kifi gasasshe. Na kwashe gwangwanin sukari daga gidan, na sa dokar hana lemon kwalba. Na sayo sikeli na ajiye a ƙofar ɗakinsa.

Ina dafawa ina tuna ki, ina jin kunya. Ke da kike cewa, "Ni ba na dafa abincin da za a ci a tashi baki a bushe." Da kin ga miyar da nake aika wa mijinki, da kin ce in zo in yi miki bayanin laifin da ya yi mini.

Makonni suka shuɗe, sikeli bai motsa ba. Da ya tashi motsawa ma, sama ya yi. Na ce sikelin ne na banza, na kai Baba kemis aka auna shi, aka ba ni amsa iri ɗaya. Na tsare shi da tambaya ko yana zubar da abincina ne ya aika a sayo masa tsire. Ya dube ni da idon nan nasa na tsohon ma'aikacin gwamnati da bai taɓa cin na kowa ba, ya ce, "Duk abin da kika aiko ana fita da shi ƙofar gida, kuma kwanonki wayam yake komawa." Gaskiya ya faɗa mini tsantsarta. Ni ce ban saurara da kyau ba.

Ke ba sai na gaya miki mece ce ciyayya ba, amma saboda yaran yanzu da ke leƙen wasiƙar nan, waɗanda suka tashi a gidajen da kowa ke cin nasa a gaban talabijin, bari in faɗa. Bayan magariba ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, kowane magidanci a fito masa da abincin gidansa, a haɗa a tsakiya a ci tare. Tun kafin a haife ni suke yi, su huɗu: Baba, da Alhaji Isa abokin aikinsa na ma'aikata, da Malam Garba tela, da Baba Tanimu, tsohon direban nan mutumin Zamfara. Na san da ita sarai. Kawai dai ban taɓa tsayawa na kalle ta da idon mai neman inda ƙiba ke shigowa ba.

Ran nan na kawo abincin da kaina, na laɓe a zaure ina kallo. Aka fito da kwanon gidan Alhaji Isa: tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu yana ƙyalli a kai. Aka fito da na gidan Baba Tanimu: tuwon dawa miyar kuka, da ƙashi mai ɓargo. Aka fito da na gidan Malam Garba: taliya 'yar murji da manja da yaji. A kowane kwano an tara naman a gefe guda, kuma duk wanda ya ajiye nasa sai ya juya shi a hankali, gefen naman ya kalli Baba. Da gani sun saba.

Baba kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowane kwano haƙƙinsa, bai fifita wani gida a kan wani ba. Tuwon achata kuma Baba Tanimu ne ya ja gabansa. Mutumin da ko a da siriri ne kamar muciya, shi yake ta shan maganin ramar da nake aikowa, wai don kada kwanona ya koma da saura in ji ba daɗi.

Bayan sun watse na shiga na sami Baba, raina a ɓace. Na ce daga yau a cikin gida zai riƙa cin abincinsa, a bar ciyayyar nan sai ya samu lafiya. Ya daɗe yana kallon tabarmar da aka naɗe aka jingine. Sannan ya ce, "In na shigo ciki, in ci da wa?"

Na kalli gefen gadon da kike zama idan yana karin kumallo, na kalli gidan yadda ya yi shiru, sai na gane abin da nake shirin ƙwace masa ya fi tuwo. Na ce to ya riƙa zama da su, amma ya ci nawa kaɗai. Ya girgiza kai. Ya ce matar mutum ta tsaya a gaban wuta saboda shi, kuma idan kwano ya koma abin da ake fara tambaya shi ne ko Alhaji ya ci, ta yaya zai sa abokinsa ya shiga gida da amsar a'a? Ya ce gara gwiwar ta yi ta ciwo.

Na ga dai maganar nan ba a wajen maza take ba. Washegari na sa hijabina na shiga gidan Hajiya Ladi, matar Alhaji Isa, ƙawarki ta ƙut da ƙut. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in kai ga man shanu. Tana gane inda na dosa fuskarta ta sauya. Ta ce in yi haƙuri, wannan ba hurumina ba ne, amana aka ba ta. Ta rage murya ta gaya mini abin da ta ce ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har mijinta. Wai a ciwonki na ƙarshe ta zo duba ki, kika jira kowa ya fita, kika riƙe hannunta kika ce, "Ladi, ga Alhaji nan. Ba ya iya buɗe baki ya ce yana jin yunwa. Ki riƙa duba mini cikinsa." Tana faɗa tana share hawaye da bakin mayafi, ni ma na taya ta.

Na fito na shiga wajen Inna Kulu, matar Baba Tanimu, da tunanin ko ita za ta fi sauƙi. Ta saurare ni har na gama. Sai ta tashi ta turo ƙofa, ta dawo ta zauna kusa da ni ta ce akwai sirrin da ke tsakaninta da marigayiya. Umma, kalma ɗaya ba ta canza ba, sai sunan da ke farkon maganar.

Lokacin da na isa wajen Iya Asabe, matar Malam Garba, na ga ta fara waige-waige tana rage murya, dariya ta ƙwace mini, hawaye kuma yana zuba. Baiwar Allah ta zaci wani abu ne ya taɓa ni.

Kai, Umma. Halinki dai har gadon asibiti. Ke ce idan za mu koma makarantar kwana sai ki sa sabulu a akwati, ki sa wani a cikin bokiti, ki cusa na uku a aljihun jaka, ki ce ba a san wanda zai ɓace ba. Ke ce kike aiken mutum biyu saƙo ɗaya, kowa ta hanyarsa. Na san lissafin da kika yi: mace ɗaya tana iya yin rashin lafiya, tana iya tafiya biki garinsu, tana iya gajiya. Shi ya sa kika gaya wa uku, kuma kika bar kowace tana jin ita kaɗai ce, don ta riƙe da hannu biyu. Abin da bai shigo lissafinki ba shi ne, a cikin ukun nan babu wadda za ta yi fashi ko na yini ɗaya.

Ina zolayarki ne, amma har ga Allah abin ya girgiza ni. A kwanakin nan ko ruwa da ƙyar yake wuce miki. Mu muna ta kai-kawo da magunguna, muna zaton tunanin ciwonki kike yi idan kin yi shiru, ashe tuwon daren Baba kike tsarawa na shekarun da ba za ki gani ba. Ban san irin wannan son ba sai a wajenki, kuma ban ga alamar zan kamo ƙafarki ba.

Na tara su ukun a tsakar gidanki wata Asabar da hantsi, na shimfiɗa musu tabarma a gindin bishiyar gwaibarki. Na faɗi abin da likita ya ce, na faɗi maganar kujera, sannan na roƙi kowace ta maimaita abin da ta gaya mini. Suka maimaita ɗaya bayan ɗaya, magana iri ɗaya. Hajiya Ladi ta ɗan sha kunu, don ita a ganinta kusancinku ya wuce a haɗa ta da kowa. Sai Inna Kulu ta dube su. Ta tafa hannu ta ce, "Wato mu uku muka taru muna yi wa bawan Allah ɗura kamar ragon layya, kowace tana jiran lada." Dariya ta ɓarke, har Hajiya Ladi sai da ta riƙe ciki.

Da dariyar ta lafa, Hajiya Ladi ta gyara zama ta yanke hukunci, kamar yadda ta saba. Ta ce mutum kika ba su amana, kuma mutumin nan yau abin da yake buƙata daban ne da na jiya. Ta ce ba kwanon da zai daina fita, don duk gidan da ya daina aikowa sai unguwa ta ce an yi faɗa. Sai dai a raba aiki: gida ɗaya ya yi tuwo ɗan daidai, ɗaya ya yi kwaɗo ko miyar ganye, ɗaya ya yanko gwanda ko kankana, ana juyawa. Ta ƙara da abin da ni ban yi tunaninsa ba. Ta ce ba za a ware wa Alhaji kwanon majinyaci ba yana kallon wasu suna shan romo, abin da zai ci shi kowa zai ci.

Haka aka wayi gari magidanta uku sun shiga dokar likitan da bai taɓa ganinsu ba. Alhaji Isa ne ya fi kowa ƙorafi. An ce daren farko ya buɗe kwano ya ga zogale, ya rufe, ya sake buɗewa, ya ce, "Ni me na yi? Gwiwata lafiyarta ƙalau." Malam Garba ya tuna masa cewa shi ke auna tumbinsa duk sallah, kada ya sa ya yi magana a gaban jama'a. Alhaji Isa ya ci zogalensa. Har yau yana mita, kuma har yau bai tashi daga tabarmar ya shiga gida neman wani abu ba, ko da yake ba mai hana shi.

Maganar tafiya kuma Baba Tanimu ne ya kawo ta. Ya ce shi a shekarun da ya yi yana tuƙi, bai taɓa ganin motar da aka gyara ta hanyar rage mata mai kawai tana ajiye ba, sai an tayar da ita ta zaga. Suka sa lokaci, bayan sallar asuba idan gari ya fara haske.

Da ma kin ga fitarsu ta farko. Na kwana a gida musamman don in gani. Dattawa huɗu, kowa da doguwar riga da hula, Alhaji Isa har da babbar riga, sai ka ce ɗaurin aure za su. Baba a tsakiya yana ɗingishi. Alhaji Isa, mai mitar nan, shi ya saɓa kujerar robar a kafaɗa, ya ce duk inda gwiwa ta ce a tsaya sai a ajiye masa ya huta. Ranar ƙarshen layi kawai suka kai, Baba ya zauna yana haki, su ukun suka tsaya a kansa suna hirar siyasa kamar da ma abin da ya fito da su ke nan.

Babbar matsalarsu ba gwiwar ba ce, mutanen kirki ne. Kin san a garin nan ba a ganin dattijo mai mota yana tafiya a ƙasa a wuce shi. Masu adaidaita su tsaya su ce a shigo kyauta. Wani da ya yi aiki a ƙarƙashin Baba ya ci burki, ya fito ya durƙusa a bakin titi ya rantse sai ya kai su inda za su, da aka ce masa ba inda za su, sai ya ƙara rikicewa. Direban wata bas da ke jigilar Katabu, wanda ya san Baba Tanimu, kullum sai ya rage gudu ya tambaya ko mota ce ta lalace. Kafin mako ya zagayo an kira ni a waya ana yi mini jaje a fakaice, wai an ji Baba ya sayar da motarsa.

Baba bai fasa ba, kuma a nan ne na ƙara sanin mutumin da kika aura. Mutum ne mai gudun abin magana, kin fi ni sani, wanda ko hularsa ta karkace ba ya fita. Amma ga shi kullum yana ratsa unguwa yana gumi, ana nuna shi, ana ɗauke da kujera a bayansa, yana amsa gaisuwar kowa da fara'a. Daga ƙarshen layi suka kai bakin titi. Daga bakin titi suka fara zagaya makarantar firamare su dawo ta baya. Idan aka tashi da ruwan sama, sai su yi ta kai-kawo a barandar masallaci har lokacinsu ya cika.

Akwai ranakun da abin ya ƙi. Wata safiya gwiwar ta kumbura, ya aika musu cewa su tafi kawai, shi ya haƙura da wannan wahalar. Ba su tafi ba. Suka shigo zaure suka zauna, suka ce tafiyar ta mutum huɗu ce, in babu ɗaya babu ita. Kwana biyu suna zuwa suna zama haka, ba wanda ya yi masa wa'azi, ba wanda ya ce ya daure. Kunyarsu ce ta fito da shi da kumburin ya saɓe.

An yi ɗaurin auren jikar Iya Asabe, aka ajiye wa Baba faranti shaƙe da shinkafa da soyayyen kaza. Ina hango shi daga nesa. Ya yi loma kaɗan don kada a ce ya ƙi, ya sa albarka, ya tura farantin gaba. Alhaji Isa da ke gefensa ya kalli nasa farantin kallon bankwana, shi ma ya tura.

Yanzu kuma da jikin ya fara sauka, waɗanda suka ce ya murmure su ne ke tare shi da, "Alhaji, lafiya kuwa? Ka faɗa." Ni kuma a bi ni da wani irin kallo. Gwaggo ta kira daga Zariya ta wanke ni tas, ta ce tun da uwata ta kwanta dama na bar ɗan'uwanta da yunwa. Baba ya karɓi wayar ya ce mata, "Lafiyar ce ta kawo haka, kuma ni na nema." Malam Garba ya fara mayar da rigunan ciki, yana cewa da ya san haka za a yi da bai wahalar da almakashinsa ba.

Ni ma ban tsira ba. Hajiya Ladi ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa ta ce, "Ke mai aika wa mutane acha, ke me kike ci a Abakpa?" Kin dai san jikinki na ɗauko. Yanzu duk ƙarshen mako ni da matan nan uku muna zagaya harabar Islamiyya da hijabanmu kafin ɗalibai su zo. Rabin tafiyar hirarki ce. Inna Kulu tana kwaikwayon yadda kike taya kayan miya har mai tumatir ya rasa ta cewa, mu yi ta dariya har sai mun tsaya mun huta.

Kada ki zaci an gama, Umma. Farko ne kawai. Likita ya ce da sauran tafiya, kuma gwiwar da ta riga ta ci ba za ta koma ta saurayi ba. Har yanzu a kan kujera Baba yake sallolinsa a masallaci. Sai dai a zuwanmu na baya-bayan nan likitan ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe, ya ce idan Baba yana so yana iya gwada sauka ƙasa a gida, a kan abu mai taushi, kuma da mutum a kusa.

Asabar ɗin da ta wuce na zo da hantsi, na ga takalman Alhaji Isa da na Baba Tanimu a ƙofar falo, amma ba a jin hira. Na leƙa. An ninka bargo an ɗora darduma a kai, an ture kujerar gefe. Baba yana tsaye ya tayar da sallar walha, abokan nan biyu suna zaune ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa, sun zuba wa ƙasa ido. Ya yi ruku'u, ya ɗago. Sannan ya fara sauka, a hankali, hannu ɗaya ya riga ɗaya, ina jin numfashinsa daga bakin ƙofa. Na ga Baba Tanimu ya miƙa hannu, ya kuma janye. Gwiwa ta taɓa bargo. Sai goshin Baba ya sauka a kan darduma.

Ya daɗe a wurin. Ya daɗe har Alhaji Isa ya ɗago ya kalli Baba Tanimu, shi kuma ya yi masa alama ya bari. Kafaɗun Baba suna rawa. Sauran sallar a zaune ya ƙarasa ta, ƙafa ɗaya a miƙe, don tashi ya gagara. Da ya yi sallama suka kama shi ta hammata suka ɗaga, su ma ba ƙarfin kirki gare su ba, har su ukun suka kusa zubewa tare.

Bayan sun tafi na kawo masa ruwa, na ce ya ba ni tsoro, na zaci gwiwar ce ta riƙe shi a ƙasa. Ya sha ruwan, ya ajiye kofin. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Ba gwiwa ba ce. Na daɗe ban roƙa wa mahaifiyarki gafara goshina a ƙasa ba. Abin ya taru."

Ya Allah, Ka karɓi abin da bawanKa ya roƙa a wannan sujada, wanda na ji da wanda ban ji ba. Ka gafarta wa Umma, Ka yi mata rahama, Ka sanyaya makwancinta, Ka ciyar da ita daga abincin Aljanna. Ka ƙara wa Baba ƙarfin gwiwa, na zuciya da na ƙafa, har ya koma sahu ba tare da kujera ba. Ka saka wa maƙwabtanmu, mazansu da matansu, da mafificin alheri. Ka haɗa mu gaba ɗaya a inda ba a rabuwa. Amin.

Ki huta lafiya, Umma.

'Yarki mai kewarki kullum,
Bilkisu
Abakpa, Kaduna